Yadda Za Ka Tattara Tarihin Ƙwato Freetown Daga Bakin 'Yan Mazan Jiya a Legas

A watan Fabrairun 1998 dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka (ECOWAS), waɗanda mafi yawansu sojojin Najeriya ne, suka kutsa cikin Freetown, babban birnin Saliyo, suka kori gwamnatin sojan da ta shafe fiye da wata takwas tana riƙe da birnin, sannan a ranar 10 ga Maris aka mayar da zaɓaɓɓen shugaban ƙasar, Ahmad Tejan Kabbah, kan kujerarsa. Da yawa daga cikin ƙananan sojojin da suka yi wannan aiki sun daɗe da ajiye kaki, kuma ba dukansu ne suka koma Arewa ba. Suna nan a Legas: wani yana gadin ƙofar kamfani a Ikeja, wani yana da ɗan shago a kasuwar mami, wani kuma yana zaune gaban 'ya'yansa a Agege yana jiran fansho. Manyan hafsoshi sun rubuta nasu da Turanci, amma abin da kofur da saje suka gani da idonsu bai shiga takarda ba, balle a ce da Hausa. An rubuta wannan bayani domin ɗalibi, ko ɗan jarida, ko ɗan tsohon soja, wanda yake son ɗaukar wannan tarihi daga bakin masu shi tun suna da ƙarfin ba da shi.

Jerin abubuwan da suka faru

Kafin ka yi sallama a ƙofar kowa, ka zauna ka haddace jerin abubuwan da suka faru, domin tsohon soja yana gane wanda bai san komai ba tun daga tambayar farko, kuma da zarar ya gane haka, labarin da yake ba jikokinsa shi zai ba ka. Yaƙin basasar Saliyo ya fara ne a watan Maris na 1991, lokacin da ƙungiyar 'yan tawaye ta RUF ƙarƙashin Foday Sankoh ta tsallako daga Laberiya da goyon bayan Charles Taylor, madugun 'yan tawayen Laberiya a lokacin. An zaɓi Kabbah a 1996, ya sa hannu da RUF kan yarjejeniyar Abidjan a watan Nuwamban shekarar, amma ba ta ɗore ba, kuma a watan Maris na 1997 aka tsare Sankoh a nan Legas bayan ya sauka a filin jirgin sama. A ranar 25 ga Mayu 1997 wasu ƙananan sojoji suka yi juyin mulki, suka fito da Manjo Johnny Paul Koroma daga kurkukun Pademba Road suka ɗora shi kan majalisar mulkin da suka kira AFRC, shi kuma ya gayyaci mayaƙan RUF su shigo birni a ci mulki tare. Kabbah ya tsere zuwa Conakry, babban birnin Gini.

Yunƙurin farko na mayar da shi bai yi nasara ba. A ranar 2 ga Yuni 1997 jiragen ruwan yaƙin Najeriya suka yi luguden wuta kan birnin, amma sojojin da ke ƙasa ba su da yawa, aka rutsa da wasu a otal ɗin Mammy Yoko da ke Aberdeen, aka kama wasu kuma daga baya aka sako su. Daga nan aka koma ga takunkumi. ECOWAS ta saka nata a watan Agusta, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya biyo baya da ƙuduri mai lamba 1132 a ranar 8 ga Oktoba, wanda ya hana shigar da makamai da man fetur. A ranar 23 ga Oktoba aka ƙulla yarjejeniyar Conakry, wadda ta tanadi mayar da Kabbah zuwa ranar 22 ga Afrilu 1998, sai dai sojojin da ke mulki ba su nuna alamar ajiye makamai ba. A makon farko na Fabrairu dakarun da Kanar Maxwell Khobe yake jagoranta suka fara farmaki daga sansanoninsu na gabashin birnin, yayin da babban kwamandan ECOMOG, Manjo Janar Timothy Shelpidi, yake da hedikwatarsa a Monrovia, babban birnin Laberiya. Zuwa ranakun 12 da 13 ga wata birnin ya faɗa hannunsu, kuma Janar Sani Abacha da kansa ya halarci bikin komawar Kabbah, abin da ya sa har yau ake samun titi mai sunansa a tsakiyar Freetown.

Yawancin masu rubutu a nan suke tsayawa, kuma a ganina wannan shi ne babban kuskuren da ake yi wa labarin. Waɗanda aka kora ba a murƙushe su ba. Sun bi gaɓar teku zuwa Tombo, suka tsallaka cikin kwale-kwale, suka ɓulla Masiaka, daga can suka nufi Makeni da yankin lu'ulu'u na Kono suna wawashe garuruwa a hanya. A watan Disamba na 1998 suka ƙwace Koidu da Makeni, sannan da asubahin ranar 6 ga Janairu 1999 suka sake shigowa Freetown ta gabas, sun saje da ayarin fararen hula masu gudun hijira. Sun kama fadar shugaban ƙasa, suka buɗe kurkuku, ba a tare su ba sai a gadar Congo Cross. ECOMOG ta ɗauki kusan mako uku tana sake ƙwato unguwannin da ta ƙwato shekara guda kafin nan, kuma dubban mutane suka mutu, aka ƙona gabashin birnin, aka yanke wa mutane hannuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin yaƙi, domin Seoul ta sauya hannu sau huɗu tsakanin Yunin 1950 da Maris na 1951, kuma da sojojin Sudan suka ƙwato Khartoum a watan Maris na 2025 yaƙi ya ci gaba a Darfur da Kordofan. Saboda haka ka shirya tambayoyinka yadda za su kai ka har yarjejeniyar zaman lafiya ta Lome ta 7 ga Yuli 1999 da janyewar ECOMOG a farkon shekarar 2000, lokacin da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin.

Kalanda da taswira

Matsalar da za ka fi fama da ita ita ce cakuɗuwar lokuta. Mutum guda zai iya kasancewa ya sauka a Monrovia a watan Agustan 1990, ya tare harin da Taylor ya kai wa birnin a Oktoban 1992, sannan aka tura shi Saliyo ya ga Yunin 1997 da Fabrairun 1998 da Janairun 1999, kuma bayan shekaru masu yawa duk waɗannan sun narke sun zama abu guda da yake kira yaƙin ECOMOG. Kada ka tambaye shi kwanan wata, domin ko dai ya ce ya manta, ko kuma ya faɗi wani don kada ka ga gazawarsa. Ka tambaye shi abin da jiki yake tunawa. Farmakin Fabrairun 1998 ya zo ne kimanin mako guda bayan Ƙaramar Sallah, wadda ta faɗo a ƙarshen Janairun shekarar, alhali shigowar 'yan tawaye ta 6 ga Janairu 1999 ta zo ne cikin azumi, bayan ya wuce rabi. Idan ka ce, "Baba, lokacin da kuka shiga Kissy kuna cikin azumi ne ko an riga an yi Sallah?" amsarsa kaɗai za ta raba maka shekarun biyu. Tambaya ta biyu mai irin wannan amfani ita ce ko Abacha yana raye, tunda ya rasu ne ranar 8 ga Yuni 1998, wato farmakin farko a zamaninsa aka yi, na biyu kuma a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar. Ruwan sama ma shaida ne, domin faɗan Yunin 1997 a farkon damina aka yi shi, sauran biyun kuma da rani. Ga waɗanda ba Musulmi ba, Kirsimeti da sabuwar shekara suna yin wannan aikin, tunda Makeni ta faɗi ne a kwanakin Kirsimeti na 1998, Freetown kuma kwanaki kaɗan bayan shiga sabuwar shekara.

Taswira kuwa kada ka dogara ga ta cikin waya, domin allon ya yi ƙanƙanta ga idon dattijo, kuma ba za ka iya rubutu a kai ba. Ka je wurin masu kwamfuta a buga maka taswirar zirin ƙasar da Freetown take kansa a babbar takarda, ka riƙe fensir, kuma kai ma ka fahimce ta kafin ka baza ta gaban kowa. Birnin yana maƙale ne tsakanin teku da duwatsu, a bakin wani zirin ƙasa wanda babbar hanyarsa ta fita zuwa sauran ƙasar take ratsa Waterloo. Filin jirgin sama na Lungi, inda ECOMOG ta riƙe tun daga juyin mulkin, yana ƙetaren bakin kogi ne, kamar yadda mutumin Ikorodu yake da Tsibirin Legas, wato ta ruwa kusa ne amma ta mota zagaye ne mai nisa. Wannan shi ya sa riƙe Lungi kaɗai bai isa a ƙwace birnin ba, sai da aka tara ƙarfi a Hastings da Jui da Kossoh Town, waɗanda suke ɓangare ɗaya da birnin. Daga can hanyoyin shiga biyu ne: ta bakin ruwa wadda take bi ta Calaba Town da Wellington da Kissy zuwa tsakiyar gari, da ta kan dutse wadda take bi ta Grafton da Regent ta sauko wa barikin Wilberforce ta sama. Idan ka ɗora yatsan dattijo a kan Jui ka ce ya bi da kai har inda ya kwana a daren farko, sau da yawa sunayen da ya ce ya manta za su dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ko da furucinsu ya sauya a bakinsa. Ka rubuta sunan yadda ya faɗa, daga baya ka nemo daidansa.

Neman masu labarin

Hanya mafi sauƙi ita ce ta masallaci da fadar sarkin Hausawa na unguwa, ko a Agege ne, ko Idi Araba, ko Mile 12, ko Alaba Rago, ko Obalende da ke maƙwabtaka da barikin Dodan. Liman da masu unguwa sun san wanda ya yi soja, kuma gabatarwarsu ta fi kowace takarda da za ka riƙo daga makaranta. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ma yana da amfani, musamman gab da ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, lokacin da suke taruwa cikin kayan ƙungiya. Sai dai kada ka taƙaita nemanka ga Musulmi ko ga Hausawa, domin Hausa ta daɗe tana yawo a bariki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi 'yan Filato ne, da Kudancin Kaduna, da Zuru, da Taraba, da Adamawa, jihar da shi kansa Khobe ya fito. Za ka same su a coci mai sujada da Hausa, kuma wanda ka fara zantawa da shi shi zai haɗa ka da abokan bataliyarsa idan ya gamsu da kai.

Akwai iyaka guda da bai kamata ka tsallake ba. Soja mai ci ba ya magana da mai rubutu sai da izinin rundunarsa, kuma shiga barikin Ikeja ko na Ojo kana ɗaukar hoto ko sauti ba tare da izini ba zai jawo maka da wanda ya shigar da kai fitina. Ka tsaya ga waɗanda suka yi ritaya, ka kuma gana da su a waje. Tun a zaman farko ka faɗa wa mutum gaskiyar abin da za ka yi da maganarsa, ka tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa ko a ɓoye, ka kuma fito fili ka ce ba ka da ikon taimaka masa kan fansho ko wasu haƙƙoƙinsa, domin da yawa za su ɗauka kai wakilin gwamnati ne ko na wata ƙungiyar agaji. Ka riƙa zuwa da goro ko abin shayi irin na ziyarar dattijo, ka biya masa kuɗin mota idan shi ya zo, amma kada ka sanya farashi kan labarin, domin ranar da aka san kana biya, ranar za ka fara samun waɗanda suka kama fadar shugaban ƙasa su kaɗai.

Zaman tattaunawa

Legas gari ne mai hayaniya, kuma sautin da janareta ko lasifikar maƙwabci ta cinye ba ya gyaruwa. Ka zaɓi safiya bayan an karya kumallo, ko tsakanin La'asar da Magariba, a cikin ɗaki ko lungun da ya yi nisa da titi. Idan mai gadin dare ne, kada ka same shi da sassafe yana fama da barci. Ka rufe layin wayarka don kada kira ya katse ɗaukar, ka ajiye ta a kan ƙyalle ko hula kusa da shi, ka fara da faɗin ranar da wurin da amincewarsa cikin muryarsa. Awa guda ta isa zama ɗaya, kuma zama na biyu shi ya fi albarka, domin a tsakanin biyun zai kwana yana tunani. Ka kira shi da muƙaminsa idan da shi aka san shi, Saje ko Samanja, ko ka ce Baba. Kada ka haɗa mutum biyu a zaman farko, domin ƙaramin muƙami ba ya musanta babba ko da shekara ashirin bayan ritaya.

Ka roƙe shi ya fito da abin da ya ajiye. Galibi za a ɗauko wata tsohuwar jaka ko gwangwani daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai takardar sallama daga aiki da ta sha ninki, da lambar yabo mai ɗan ƙyalle da ya koɗe, da 'yan takardun kuɗin Saliyo, da hotunan da aka ɗauka a gaban buhunan yashi. Ka juya bayan kowane hoto, domin a nan ake samun sunan gari da shekara da hannun mai shi ko hatimin mai hoto, kuma wannan ɗan rubutu ya fi ƙwaƙwalwa riƙe lokaci. Ka ɗauki hoton gaba da baya a nan take ka mayar masa da kayansa, kada ka ce za ka tafi da su ka dawo.

Tambayoyinka su bi tafiyar farmakin kanta, daga ƙasa zuwa sama. Ka fara da yadda ya isa ƙasar: daga wane bariki aka ɗauke shi, ta jirgin sama ne ko ta ruwa, kai tsaye daga Najeriya ko daga Laberiya aka juyo da shi, kuma a ina ya fara sauka. Sai ka tsaya sosai kan watannin jira, waɗanda masu rubutu suke tsallakewa alhali a cikinsu ake cin yaƙi ko a faɗi: me suke ci, wa yake kawo ruwa da albarusai, yaya ake kwashe wanda ya ji rauni daga Jui zuwa Lungi, yaushe ya ga albashi ko alawus, kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum nawa a rukuninsa. Daga nan ka zo daren da aka ba da umarni, ka tambayi wanda ya faɗa musu da kalmomin da ya faɗa, da abin da kowa ya ɗauka a bayansa. A kan shiga birni, ka tambayi abin da yake gabansu, ko motar sulke ce ko ƙafa, ko sun ji igwa da jiragen Alpha Jet kafin su motsa, yadda suke tsallaka gada, yadda suke gane ɗan tawaye tunda da yawansu ba sa sa kaki, da abin da suka yi da suka ga yara ƙanana riƙe da bindiga. Ka tambaye shi game da mafarautan Kamajo da suka yi yaƙi a ɓangaren gwamnati, ko ya yi aiki tare da su, da yadda ya ɗauke su. Ka tambayi yadda mutanen gari suka tarbe su, da abin da ya faru da waɗanda jama'a suka nuna a matsayin masu haɗa baki da gwamnatin soja.

Ka guji tambayar da ta ɗauko amsarta a baki. Idan ka ce, "Ai mutane sun yi murna da zuwanku, ko?" zai ce ƙwarai, magana ta mutu. Idan ka ce, "Da kuka iso kasuwa, me kuka tarar?" zai ba ka hoto. Haka nan ka riƙa rarrabe abin da ya gani da abin da ya ji, ta hanyar tambaya mai laushi irin su, "Baba, kuna wurin ne, ko labari ya iso muku?" Soja na ƙasa yana ganin titi ɗaya ne da mutum goma na kusa da shi, kuma a kan wannan ɗan fili shaidarsa tana da ƙarfi ƙwarai, amma abin da zai faɗa game da shawarar da aka yanke a Abuja ko adadin waɗanda suka mutu a duk faɗin birnin jita-jitar bariki ce. Ka rubuta ta, domin ita ma tana nuna abin da sojoji suka yi imani da shi a lokacin, amma ka sanya mata alamar da za ta bambanta ta. Labarin layu da maganin bindiga zai taso, nasu da na abokan gaba, kuma aikinka shi ne ka rubuta abin da ya ce ba tare da gardama ko tabbatarwa ba.

Wuraren da magana take nauyi

Janairun 1999 shi ne inda murya take sauka. 'Yan tawaye sun yi kisa da fyaɗe da yanke gaɓoɓi, kuma sun riƙa farautar 'yan Najeriya mazauna birnin, yawancinsu 'yan kasuwa, saboda fushin da suke yi da ECOMOG. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa rahoto a 1999 da ya ƙunshi shaidu kan yadda wasu sojojin ECOMOG suka harbe waɗanda ake zargi a shingayen bincike ba tare da shari'a ba. Tarihin da ya ɓoye wannan ba zai samu karɓuwa a wurin mutanen Saliyo ba, kuma wanda ya mayar da kowane tsohon soja mai laifi ya zalunci waɗanda suka tare gadar Congo Cross da jikinsu. Kada ka kawo wannan magana a zaman farko, kuma kada ka ce, "Ka kashe?" Ka tambayi yadda ake yi da wanda aka kama a shinge, ka bar shi ya kai inda zai iya kaiwa. Idan ya yi shiru, ka yi shiru tare da shi. Idan ka ga hannunsa yana rawa ko idonsa ya kawo ruwa, ka kashe na'urar, ka ba shi ruwa, ka juya zance zuwa iyali, kuma kada ka tafi ka bar shi a wannan hali ba tare da wani nasa a kusa ba. Idan ya ambaci sunan wani da laifi, ka ajiye sunan a kundinka amma kada ka wallafa shi bisa shaidar mutum guda.

Matan sojoji da zawarawansu suna da rabin da mazan ba su da shi, wato yadda labarin mutuwa yake isowa bariki, da yadda ake jin sunan gari a rediyo a kwana ba barci, da yadda ake fitar da iyali daga gidan gwamnati bayan rasuwar mai gida. Wannan zama ya fi dacewa mace ta yi shi, don haka ka nemi abokiyar aiki tun da wuri.

Tantancewa da rubutawa

Bayan kowane zama ka kwafe maganar a rubuce tun tana da ɗumi a kunnenka, kalma da kalma, da Hausar barikinsa da Turancin da ya gauraya, kada ka gyara masa harshe. Sannan ka auna ta da rubutattun shaidu. Rahoton Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Saliyo na 2004 yana intanet, haka ma bayanan zaman Kotun Musamman ta Saliyo, wadda ta samu Charles Taylor da laifi a 2012 ta yanke masa ɗaurin shekara 50, kuma a cikinsu shaidu sun bi motsin mayaƙa gari bayan gari. Jaridun Legas na Fabrairu da Maris na 1998 za ka neme su a ɗakin karatu na ƙasa da ke Yaba ko na Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Victoria Island, sai dai ka karanta su da sanin cewa a ƙarƙashin mulkin soja aka buga su, lokacin da ba a bayyana asarar dakaru a fili. Inda bakin mutum biyu da ba su san juna ba ya haɗu da takarda, ka rubuta abin kai tsaye. Inda suka saɓa, ka kawo duka biyun ka faɗi wanda ya ce me, ba tare da ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji ba.

Wajen tsara rubutun, ka bi taswira maimakon bin mutum ɗaya ɗaya, wato ka tara duk abin da aka faɗa game da Lungi wuri guda, haka Jui, haka Kissy, yadda mai karatu zai ga wuri ɗaya ta idanu da yawa. Ka ba waɗanda ba su dawo ba wuri, ka rubuta sunayen da abokansu suka ambata tare da garuruwansu idan iyalansu sun yarda. Shi kansa Khobe, wanda aka ƙara wa girma zuwa Birgediya Janar aka kuma naɗa shi babban hafsan tsaron Saliyo, ya rasu ne a Legas a watan Afrilun 2000, kusan shekara biyu kafin a ayyana ƙarshen yaƙin a Janairun 2002, kuma kusan duk wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa yana da abin faɗa a kansa, wanda ya cancanci babi na kansa. Kafin ka wallafa komai, ka koma wurin kowane mutum ka karanta masa nasa ɓangaren da baki, tunda wasu ba sa karanta boko, ka cire abin da ya ce a cire, ka gyara sunan wurin da ya gyara. Sautin kuma ka ajiye shi a wuri uku, a kwamfuta, da ɗan katin ajiya da ba ya yawo a aljihu, da ma'ajiyar intanet, kowane fayil da ranar ɗauka da lambar da ka ba mai maganar a maimakon sunansa, sannan ka tura wa babban ɗansa ko 'yarsa kwafi guda idan shi mai maganar ya amince.